Yadda ake duba inro, battar Japanawan da, kafin a zaro kuɗi

Kimono, rigar gargajiyar Japanawa, ba ta da aljihu. Shi ya sa magidancin Japan na zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, yake rataye 'yan komatsansa a ɗamara, kuma abin da ya fi ji da shi a ciki ita ce inro: 'yar batta mai hawa uku zuwa biyar, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Da fari hatimi ake sawa a ciki, sai ta koma ta magani, daga ƙarshe ta zama abin nuna isa. Igiyar siliki ce ke ratsa gefunanta biyu, ta bi ta cikin wata 'yar tsakiya da ake kira ojime mai matse hawayen wuri guda, ta ƙare a jikin netsuke, ɗan sassaƙen da ke maƙalewa a saman ɗamara don kada kayan su sulluɓe. Da Japanawa suka koma kwat da wando a zamanin Meiji da ya biyo bayan na Edo, sai Turawa suka yi ta jida, abin da ya sa yau za ka tarar da su jibge a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da na Metropolitan a New York.

Fara da hannunka. Shafen jikinta ƙaron itacen urushi ne, kuma idan ya tsufa ya sha haske, gumin yatsa na iya barin tambarin da ba ya fita. Sa safar hannu ta roba irin ta asibiti. Ta auduga santsi gare ta, ni ba na yarda da ita ko kusa. Shimfiɗa tawul a kan tebur, sassauta ojime, ka ɗaga hawayen ɗaya bayan ɗaya, a miƙe, ban da murɗawa. Mai kyau tana fita da ɗan nauyin iska, ta koma ta zauna daram har bakin haɗin ya kusa ɓacewa. Cikinta galibi za ka ga yayyafin zinare mai ruwan goro, shi ake kira nashiji. Shinshina: warin fenti na nufin an yi mata gyara kwanan nan, ko kuma ba urushi ba ne tun asali. Ta gaske ba ta da nauyi, don siririn itace ne ko takarda a ƙarƙashin shafen. Waɗanda aka yi da ƙashi ko roba aka karce hoto aka cika da baƙi, yawancinsu tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce.

Rufe ta, ka bi layukan zanen da ido inda suka tsallaka daga hawa zuwa hawa. Reshe ko gefen riga da ya zo bakin haɗi ya kauce, to an juya hawa ɗaya baibai, ko an aro shi daga wata battar.

Yanzu sai karatun hoton, kuma nan ne sababbin shiga ke faɗuwa, nan ni ma na sha ƙasa. Suna duba fuska ɗaya, su ga zinare na walƙiya, shi ke nan sun gama. Ai inro ba allo ba ce. Mai zanen ya san za a riƙa juya ta a hannu, don haka yakan fara labari a gaba, ya ƙarasa shi a baya, wani lokaci ma ya jefa ƙarshensa can kan netsuke.

Ta farko da na saya tana ɗauke da wani ƙato mai gemu buzu-buzu, da faffaɗar hula, da takobi tsirara, yana zare ido yana waige. A bayanta babu komai sai gada da ciyawa. Na ɗauka wani samurai ne, wato mayaƙin Japan na da. Netsuken da ke jikinta kuwa wani mummunan ɗan dodo ne mai ƙaho biyu, ya duƙunƙune ya rufe kai da hannu, ga ɗan gutsure a ƙafa. Bai yi mini ba. Na ba wani dillali shi, na ƙara masa kuɗi, ya ba ni wani kyakkyawan zomo na katako. Sai bayan wata da watanni na gane cewa mai gemun nan Shoki ne, mai farautar aljanu, wanda labarinsa ya zo daga Sin, inda ake ce masa Zhong Kui, aka ce ya bayyana wa wani sarkin daular Tang a mafarki ya kama aljanin da ke damunsa. Masu zanen Japan sun mai da shi abin barkwanci: kullum yana nema, ɗan dodon da ake kira oni yana laɓe a kan hularsa ko a bayansa. A tawa battar, dodon ya tsere daga hoton ɗungurungum ya haye igiya. Abin dariyar ke nan, kuma ni da hannuna na raba su. Rashin sani ya fi dare duhu. Dillalin bai yi mini ƙarya ba, shiru kawai ya yi, kuma ko da na koma ya ce ya sayar.

Abin da ya ƙara mini takaici, yawancin inro da ke kasuwa yau ba da netsukensu na asali suke tafe ba, dillalai ne suka ɗaura musu aure daga baya. Idan ka samu wadda labarin battar da na sassaƙen suka zo ɗaya, kada ka kwance igiyar nan ko da ta tsufa ta koɗe.

Dabarar ita ce ka bar fuskar mutum, ka dubi abin da ke hannunsa da dabbar da ke kusa da shi. Mai sandar fatsa da jan kifi a hammata Ebisu ne. Mai guduma a kan buhunan shinkafa Daikoku ne, kuma ɓera ɗan aikensa ne, don haka ɓera a netsuke ya dace da shi, ba ɓarna yake nufi ba. Mai tumbi da ƙaton buhu Hotei. Su ukun suna cikin allolin sa'a bakwai na al'adarsu. Tsoho da manjagara, tsohuwa da tsintsiya a gindin itace, ma'auratan Takasago ne, fatan a tsufa tare. Zomo da turmi yana cikin wata ne yana kirɓa shinkafa. Kunkurun ruwa mai jela kamar gezar ciyawa shi ne minogame, alamar shekara dubu goma. In ka ga masunci a bayansa, Urashima Taro ne, wanda ya ceci kunkuru aka kai shi fadar sarkin teku, ya dawo da akwatin da aka hana shi buɗewa, ya buɗe, farin hayaƙi ya tashi, nan take ya tsufa tukuf. Sau da yawa ba a ma zana mutumin: sandar fatsa da akwati a bakin teku sun wadatar, sauran an bar wa mai kallo. Irin waɗannan na fi so, kuma sukan yi araha don masu saye ba su ga kowa a jiki ba.

Sa hannun mai aikin yana ƙasa, kusa da ramukan igiya. Cikin shahararrun masu wannan sana'a, dangin Kajikawa sukan haɗa da jan hatimi mai siffar tulu, akwai dangin Koma, akwai Shibata Zeshin da ya rasu a 1891. Sunan Zeshin an sha ɗora shi a kan aikin da bai taɓa gani ba, saboda haka suna shi ne abin dubawa na ƙarshe, kuma kada ka ƙara ko sisi dominsa in aikin bai kai ba.

Netsuke ko ojime na hauren giwa, bar shi inda ka gan shi. Yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta takura cinikinsa tsakanin ƙasashe, Ingila ma ta ƙara tsanantawa tun 2022, kana iya biya a ƙwace a kwastan.

Ajiya kuma: duhu, cikin akwatin katako, a naɗe da takarda marar asid. Ban da ruwa, ban da mai, ban da man goge kujera, ƙura kawai za ka kaɗe da buroshi mai taushi. Urushi na son danshin iska wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, don haka mai ajiye ta a inda hunturu ke busar da leɓe sai ya sa ta a akwati mai rufuwa ruf, da ɗan ma'aunin danshi a ciki, tun kafin iskar Nuwamba ta fara kaɗawa.