Insulin, ƙwayar ƙiba da maganin maƙoƙo: kurakuran da ke mayar da magani cuta

Homon sinadari ne da jiki ke zubawa cikin jini kaɗan-kaɗan, kuma da awo yake aiki: in ya ragu ciwo ne, in ya yi yawa ma ciwo ne. Shi ya sa magungunan ciwon sukari da na maƙoƙo ba sa jure kintace. Sau da yawa maganin ingantacce ne, likita ma ya rubuta daidai, amma a gida ake samun tangarɗa.

Mu fara da wanda ke iya kashe mutum a dare ɗaya, wato haɗa insulin, homon da ke sauke sukarin jini, da sirinjin da ba nasa ba. A jikin kwalba akwai rubutu U-100 ko U-40, ma'ana awo 100 ko awo 40 a kowane mililita. Sirinji ma haka yake, kuma galibi na U-100 murfinsa ruwan lemo ne, na U-40 ja. Wanda ya ɗebi insulin U-100 da sirinjin U-40 har zuwa layin 20, awo 50 ya yi wa kansa, ninki biyu da rabi ke nan. In aka juya kuma, abin da zai shiga jiki bai kai rabi ba, sukari ya ƙi sauka, a ce maganin jabu ne. A gari irin Maraɗi da kaya ke shigowa ta iyakar Ɗan Isa da wasu hanyoyi, kwalba daga nan sirinji daga can, dole a riƙa dubawa. Duk sayen da za a yi, a aza su kusa da juna a gaban mai farmasi, a ga lambar ta zo ɗaya.

Sai zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wasu kan cusa ta wurin ƙanƙara don tsoron ɗaukewar wuta, alhali insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wadda aka fara amfani da ita kuwa mako 4 ne wa'adinta, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikin kwali. A 2021 Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun fitar da bincike kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Labari ne mai daɗi ga wanda ba shi da firiji, amma a lura: zafin Maraɗi a Afrilu da Mayu yakan haura 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Mafita ita ce tukunya cikin tukunya. A sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwar da iska ke kaɗawa. Kwalbar ta zauna cikin roba mai murfi. Kada a jefa ta tsundum cikin ruwan randa, takardarta za ta saɓule, ƙazanta kuma ta taru a bakin da allura ke shiga.

Insulin mai kama da ruwan nono, a murza kwalbarsa a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗe kafin a ɗiba. Kuma a daina soka allura wuri guda don can ne ba ya zafi. Wurin kan yi ƙullutu, maganin ya riƙa shiga jini yadda ya ga dama. A riƙa matsawa kamar faɗin yatsa, a ciki ko a cinya.

Saukar sukari ma ana yawan ruɗewa da ita. Mutum ya sha ƙwayar ciwon sukari irin glibenclamide ko ya yi allura, ya fita kasuwa bai karya ba, zuwa hantsi sai zufa, karkarwa, jiri, magana ta sarƙe. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sukarin ne ya hau su ƙara masa magani. In na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 0.70 g/L, ko babu na'ura amma ga alamun, a ba shi gutsuren sukarin kwali 3 a ruwa, a jira minti 15, a sake awo, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a nufi asibiti. Mai niyyar azumi ya ga likitansa mako 6 zuwa 8 kafin watan, don a gyara masa lokaci da yawan magani.

Akwai kuma masu ajiye magani da zarar jiki ya yi daɗi, su koma shuwaka da maɗaci a kan cewa ɗaci ke kashe zaƙi. Sukari na iya zama sama shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyar ƙafa ba tare da an ji komai ba. Babban binciken nan na Birtaniya, UKPDS, ya nuna duk saukar maki 1 a awon HbA1c na tafiya da raguwar irin wannan ɓarna da kusan kashi 37 cikin ɗari. Awon yana nuna yadda sukari ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce, sai dai yakan yaudari mai sikila, don haka a gaya wa likita. Zuma ma sukari ce, furar gero kuma tana ɗaga shi ko ba a zuba mata komai ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙwayar ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, wadda amare da 'yan mata ke saya hannun masu tallar magani. Sau da yawa dexamethasone ce, dangin homon da wasu ƙananan halittu biyu a saman ƙoda ke yi. Ƙarfinta ba wasa ba ne: 0.75 mg nata daidai yake da 5 mg na prednisone, wani maganin danginta. Ƙibar da take kawowa ta ciwo ce. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa mai faɗi ta tsattsage fata, hawan jini da sukari su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Man bilicin mai clobetasol ko betamethasone na iya yin haka in an daɗe ana shafe jiki da shi. Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari: a gane illar, a jefar da ƙwayar rana ɗaya. Bayan kamar mako 3 ana sha, jiki ya rage yin nasa homon, yankewar farat ɗaya kuma na iya kawo amai, kasala da faɗuwar jini har a rasa rai. Uwa ko yayar da ta gano haka ta ɗauki kwalin ta raka yarinyar wurin likita, shi zai tsara yadda za a rage sannu-sannu.

Maƙoƙo kuwa ba a yi masa tsaga ko sakiya. Babban dalilinsa ƙarancin ayodin ne, wanda babba ke bukatar mikrogiram 150 a rana, mai ciki 250. A sayi gishiri mai ayodin, a ajiye shi a rufe nesa da rana da laima. Amma ba kowane maƙoƙo ne na ayodin ba, awon jini na TSH, mai duba aikin halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, shi ke nuna inda aka dosa. Wanda aka ɗora a kan levothyroxine, ƙwayar da ke cike gurbin homon wannan halitta in ya yi ƙaranci, ya sha da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi, ya raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa 4, ya sake awo bayan mako 6 zuwa 8 da canza adadi. Mace mai shan sa da ta ga wata ya wuce kada ta ajiye shi don tsoron cikin, yawanci ma ƙara mata ake yi, saboda ƙwaƙwalwar jariri a watannin farko da homon uwa take ginuwa.