Yadda ake ɗora wa mota sufacaja don gudu a filin tsere

Ɗaura sufacaja, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, a jikin inji aikin kwana ɗaya ko biyu ne ga makanikin da ya san hannunsa. Abin da ke cin kuɗi da lokaci shi ne zafin da zai biyo baya. A kan titi direba yakan take totur har ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi ne sai ya saki, inji ya huta. A filin tsere kuwa ana shafe minti 20 ana takawa ana sakewa, kuma yawancin kayan da ake sayarwa a kwali don titi aka tsara su. Saboda haka duk shawarar da za ka yanke a wannan aiki, auna ta da minti ashirin ɗin nan, kada ka auna ta da adadin ƙarfin dokin da aka rubuta a talla.

Mataki na 1: Gwada lafiyar injin

Sufacaja ba ya gyara injin da ya gaji, ƙarasa shi yake yi. Ka bar inji ya yi ɗumi, ka cire dukkan fulogi, ka buɗe totur gaba ɗaya, sannan ka auna matsin kowace silinda. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Daga nan a yi gwajin yoyo, wato a hura iska cikin silinda a ga nawa ke zurarewa. Idan kana jin iskar a bakin zuba baƙin mai, ringi ne ya ci. Idan ta salansa take fita, bawul ne. Idan kumfa na tasowa a lagireto, gasket ɗin kan inji ya tafi. A gyara kafin a sayi komai.

Ka kuma san yawan matsewar injinka daga masana'anta. Injin FA20 na Toyota 86 da Subaru BRZ, wanda ya fito a 2012, yana matse iska 12.5:1, wato ninki 12.5 a cikin silinda, kuma irin wannan inji ba ya ɗaukar ƙarin matsi mai yawa a kan fetur na gidan mai. Sannan ka karanta dokokin filin da za ka shiga, domin sufacaja yakan sauya wa mota aji a gasa, wasu filayen kuma suna da iyakar ƙarar da aka yarda da ita.

Mataki na 2: Zaɓi irin sufacajan

Iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne Roots, wanda 'yan'uwa biyu masu wannan suna suka yi wa rajista a Amurka a 1860 don hura wa tanderun narka ƙarfe iska. Na zamani da aka fi sani shi ne Eaton TVS, kuma lambar da ke bin sunan tana nuna yawan iskar da yake turawa a juyi ɗaya: TVS1320 na tura cc 1,320. Na biyu mai sukurori biyu ne, irin na Whipple, wanda ke matse iskar a cikin jikinsa. Waɗannan biyun suna ba da matsi tun inji na ƙasa-ƙasa, motar ta yi tsalle daga fitowa kwana.

Na uku mai farfela ne, irin na Rotrex, Vortech da ProCharger. Shi matsinsa yana hawa ne tare da juyin inji, sai can kusa da jan layi, wato iyakar juyin inji, yake kai ƙarshensa. Ga ƙaramin inji mai son juyi, kamar na Honda S2000 ko Mazda MX-5, wannan ya fi dacewa da fili a ganinmu. Ba ya dukan fistan da konrod da nauyi a ƙananan juyi, inda ƙwanƙwasa, wato fashewar fetur da kansa a cikin silinda, ta fi yin ɓarna, tayoyin baya ba sa kuɓucewa a tsakiyar kwana, kuma ana iya haɗa shi da intakula, wato lagireton sanyaya iskar da aka matse, mai shan iska a gaban mota. Ga babban inji mai silinda takwas kuwa, ko fili mai ƙananan kwanoni da yawa, Roots ko mai sukurori na da nasu daɗin, sai dai ka shirya wa zafinsu.

Mataki na 3: Tsayar da matsin da za ka yi aiki da shi

Iskar da muke shaƙa tana da matsin psi 14.7 a daidai gaɓar teku (psi ma'aunin matsi ne). Ƙarin psi 7 na nufin kana cusa wa inji iska kusan ɗaya da rabi na abin da ya saba. Ba za ka samu ƙarin kashi 50 na ƙarfi ba, domin shi kansa sufacajan daga karanshaf yake cin nasa rabon, kuma iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, psi 6 zuwa 8 ya isa.

Fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai, shi ne ke yanke wannan. Idan na karanshaf milimita 150 ne, na sufacaja kuma 75, to sufacajan na juyawa ninki biyu: inji na 7,000 a minti, shi yana 14,000. Kwatanta wannan adadi da iyakar da masana'anta ta rubuta. Rage girman fuli yana ƙara matsi, amma yana rage wurin da bel ke kamawa, yana kuma ƙara zafi. A fili, fara da babban fulin da ya zo cikin kayan.

Mataki na 4: Lissafin fetur

Inji mai sufacaja yana shan kimanin nauyin fam 0.6 na fetur a awa ga kowane ƙarfin doki guda. Mu ce kana neman doki 300 daga silinda huɗu: fam 180 ke nan a awa, 45 ga kowane nozil mai fesa fetur. Ba a son nozil ya yi aiki fiye da kashi 80 zuwa 85 na lokacinsa, don haka kana buƙatar mai fitar da kusan fam 56, wato wajen cc 590 a minti. Famfon cikin tanki mai lita 255 a awa ya wadatar da wannan. Idan man E85, wato fetur mai yawan ethanol, za ka sha, ƙara kusan kashi 30 a kan komai. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda lissafinsa daban ne, famfonsa mai babban matsi ne ke zama iyaka.

Akwai matsalar da titi ba ya nunawa. A doguwar kwana mai gudu, fetur yakan taru gefe guda na tanki, famfo ya shaƙi iska na ɗan lokaci. Inji marar sufacaja zai yi tari kawai ya wuce, amma mai matsi yana iya narkar da fistan a wannan ɗan lokacin. Ko dai kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da rabi, ko ka sa ƙaramin tankin ajiya na lita ɗaya zuwa biyu tsakanin babban tanki da inji.

Fulogi kuma a sa mai sanyi da mataki ɗaya, a matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7, don kada matsi ya hure tartsatsin. Sensan matsin manifol na asali sau da yawa ba ya karanta abin da ya wuce matsin iskar waje sosai, sai a canza shi da mai karanta har bar 2 ko 3 (bar ɗaya kusan matsin iskar waje ne).

Mataki na 5: Ɗaurawa

Cire kan batir, sauke matsin layin fetur, zubar da ruwan lagireto. Kowace kafar shigar iska da ka buɗe, toshe ta nan take da tsumma mai tsabta, domin ɗan ƙarfe guda da ya faɗa ciki ya isa ya kashe inji. Ɗaure mariƙin sufacajan da sifana mai auna ƙarfi, bisa jerin da takardar kayan ta nuna.

Bel ne ke ba mutane wahala. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin karanshaf da na sufacaja, ka tabbatar suna kan layi ɗaya. Kaucewar milimita ɗaya ta isa ta sa bel ya haura haƙarƙari ɗaya ya yage a babban juyi. Baƙar ƙura a kewayen fuli alama ce ta zamewa, haka nan idan matsi ya hau lafiya sai ya faɗi kusa da jan layi. Maganin shi ne ƙarin ƙaramin fuli da zai sa bel ya ƙara naɗe na sufacajan, ko komawa bel mai haƙarƙari 8 maimakon 6. Ɗaure bel fiye da kima kuwa boris yake ci.

Duba bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa daga totur, ka ga yana motsi ba tare da maƙalewa ba. Idan motar na auna iska ne kafin ta shiga sufacaja, dole iskar da aka saki ta koma cikin bututu, in ba haka ba kwamfutar inji za ta zuba fetur don iskar da ta riga ta gudu. Rotrex yana da nasa mai na musamman da nasa ƙaramin lagireto, ba a zuba masa baƙin man inji, kuma sai an cika layinsa kafin tayarwar farko. A ƙarshe toshe bututun, hura masa iska daidai matsin da za a yi aiki da shi, ka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu.

Mataki na 6: Zafi

Idan iskar waje tana digiri 30, sufacaja mai ingancin kashi 65 ya matse ta zuwa ninki ɗaya da rabi, za ta fito da kusan digiri 87. Iska mai wannan zafi tana sa cakuɗen mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, kuma ita ke karya bakin fistan inda ringi ke zama. Kwamfuta tana kare inji ta hanyar ja da taimin, wato lokacin tartsatsin fulogi, baya, shi ya sa za ka ga mota ta yi gudu a zagaye biyun farko, daga nan ta yi sanyin jiki.

Intakula mai ruwa, wadda Roots da mai sukurori suka fi zuwa da ita, tana da kyau a gajeren gudu, amma da zarar ruwanta ya ɗumama sai ya zauna da ɗuminsa. Ƙara girman tankin ruwan jinkiri kawai yake sayo maka. Abin da ke magance matsalar shi ne babban lagireton gaba da famfo mai ƙarfi, da kuma fitar da iska daga layin gaba ɗaya, domin kumfa ɗaya a bakin famfo tana tsayar da zagayawar ruwan ba tare da wata alama ba. Buɗe murfin tankin famfo na aiki, ka ga ruwa na dawowa da ƙarfi da idonka.

Baƙin mai na buƙatar nasa lagireton, mai layi 19 zuwa 25 ga inji mai lita biyu, da tiyo mai girman AN-10, da bawul mai buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 90 don kada man ya ƙi yin ɗumi. A fili ka so ganinsa ƙasa da digiri 120 zuwa 125, ruwan inji kuma ƙasa da 105. Idan ka sa tayoyi masu kama ƙasa sosai, a saka shinge cikin kaskon ƙasan inji don mai kada ya gudu daga bakin famfo a kwana. A sa kuma gwangwanin tare tururin mai a layin numfashin inji, saboda man da ya shiga iska yana rage wa fetur juriya.

Yanzu kana da lagireto uku ko huɗu a jere a hanci ɗaya, na baya yana shan zafin na gaba. Iska kamar ruwa take, inda ta ga sauƙi nan take bi. Toshe duk wata kafa da ke gefe, sama da ƙasan lagireto da soso mai jure zafi ko falankin alminiyom, kada ka cire murfin ƙasan mota, kuma ka ba iskar hanyar fita ta bonet. Wannan aikin mai araha sau da yawa ya fi sayen lagireto mai kauri amfani.

Mataki na 7: Saitin kwamfuta

Kada ka take totur kafin a saita. A daino, wato na'urar gwada ƙarfin inji mota na tsaye wuri ɗaya, mai saiti zai nemi cakuɗen iska da fetur tsakanin 11.5:1 da 12:1 a cikakken matsi, maimakon 14.7:1 na tafiyar yau da kullum. Ka gaya masa tun farko cewa motar ta fili ce. Ka nemi ya take totur har ƙasa sau da yawa a jere har komai ya ɗauki zafi, ya bar tazarar digiri biyu ko uku na taimin ƙasa da inda ƙwanƙwasa ke farawa, ya kuma saita yadda kwamfuta za ta janye taimin idan iskar shiga ta yi zafi. A yi saitin da irin man da za ka riƙa samu a ranar fili, ba wanda ya fi shi ba.

Mataki na 8: Birki da kulochi

Motar da a da take isa ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya da kilomita 180 a awa, yanzu ta isa da 200, ta ƙara wa birki kusan kashi 23 na zafin da zai haɗiye. Canza fad zuwa na tsere, ka zuba sabon man birki mai jure zafi irin Motul RBF 600, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya haura digiri 300, alhali ƙa'idar man birki ta DOT 4 digiri 230 kawai ta nema. Kulochi na asali yakan fara zamewa a manyan giyoyi, don haka gwada shi a giya ta huɗu ko ta biyar. Man giya da na difa su ma a sabunta.

Mataki na 9: Ranar farko a fili

Haɗa na'urar da ke adana bayanai, ta riƙa ɗaukar zafin iskar shiga, zafin ruwa, zafi da matsin baƙin mai, cakuɗen fetur, da yawan taimin da kwamfuta ke janyewa. Fitar farko zagaye uku kawai, ka dawo ka duba bel, tiyo da mahaɗai. Fita ta biyu ka tsawaita. Abin da kake nema shi ne kowane zafi ya hau ya tsaya wuri ɗaya. Wanda ya ci gaba da hawa har ƙarshen minti 20, wannan sashen bai isa ba tukuna, kuma shi za a gyara kafin a yi maganar ƙaramin fuli. Ƙare kowace fita da zagaye ɗaya a hankali ba tare da birki mai ƙarfi ba, in ka tsaya ka buɗe bonet, kada ka ja birkin hannu a kan faifai mai zafi. Ka tafi da bel na ajiya da sifanar da ke sassauta shi.