Yadda na gyara shingen amya da giwaye suka raina

Gonakinmu na bakin gandun daji ne. Da yake giwa na tsoron ƙudan zuma, muka ɗauki dabarar da aka fara a Kenya: a rataye amya duk bayan mita 10, waya ɗaya ta haɗa su. Giwa na taɓa wayar sai amya ta girgiza, ƙudan su fito a fusace.

Amma giwayen sai ratsawa suke yi abinsu. Da na buɗe amyoyin, wayam! Ashe tururuwa ce ta bi dirka ta kori ƙudan.

Na shafa giris a wayoyin da ke riƙe da amya, na goga kakin zuma a ciki, na yi musu rufin ciyawa saboda zafin rana. Ƙudan suka dawo. Giris ɗin dai yana bushewa, sai ana ƙarawa.