Babi na 6: Wayar Dish, Wacce Za Ku Saya?

Darasi na 1: Karanta jikin waya

Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. Wayar da ke tasowa daga dish zuwa dikoda daban take da wayar wutar gida. In kun je shago, kada ku ce "a ba ni wayar dish" ku yi shiru. Ku karɓa, ku jujjuya ta, za ku ga ƙananan rubutu a jikinta. Haruffa biyu kuke nema da lamba ɗaya: R, G, sai 6. Wato RG6. Ku rubuta a takarda ku sa a aljihu.

Akwai wata RG59. Kada yawan lambar ya ruɗe ku. Ta fi siranta, sigina kuma na raunana a cikinta tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Ku tafi da maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne. Ku kara shi a jikin sili, wato siririn ƙarfen da ke tsakiyar wayar. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Zai yi aiki, amma da ya sha ruwa sai tsatsa. Wanda kuka kankare kuka ga ja har ciki, shi ya fi, ko da kuɗinsa ya ɗara.

Darasi na 2: Fere bakin waya

Da farko ku zare dikoda daga soket. Ita ke tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wannan waya zuwa LNB, wato abin nan da ke kan sandar gaban dish.

Ku zagaya bakin waya da reza a hankali, ku cire robar sama kamar tsawon gaɓar yatsa. Za ku tarar da siraran wayoyi a saƙe kamar gashi. Ku kwantar da su baya, dukkansu. Ƙarƙashinsu akwai takarda mai ƙyalli, sai farar roba, sai sili. Ku yanke rabin farar robar, sili ya fito.

To, a nan ake faɗuwa. Gashin nan kada ko ɗaya ya taɓa sili. Ko ɗaya. Ku ɗaga bakin wayar wajen haske ku duba. Kun ga wani ya naɗe a gindin silin? Ku cire shi. Ba komai, hannu zai saba.

Sai ku murɗa kan ƙarfen nan da ake kira F-konekta, har sili ya leƙo kaɗan. Yanzu ku leƙa ciki, ku sake dubawa. Gashi ya taɓa sili? In ya taɓa, wutar ta haɗu ke nan, allo ba zai nuna komai ba, wataƙila ma dikoda ta lalace.

Haba jama'a! Kullum sai wani ya zo yana cewa an sayar masa da jabu, a buɗe a tarar gashi ne kwance a kan sili. Gaggawar me kuke yi? Bakin waya biyu ne, na dish da na dikoda. Kowanne a duba shi sau biyu.

Darasi na 3: Ruwan sama

Ku naɗe kan da ke waje da salatif. Kafin waya ta shiga ɗaki, ku bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, ruwa ya ɗiga a waje.

Darasi na 4: Tsawo

Ku auna da igiya kafin ku je kasuwa, ku ƙara mita 2. Waya guda ta fi mai ƙulli.