Sabon Ma'aikaci a Kamfani: Inda Ake Son Magana da Inda Ake Son Shiru

A yawancin kamfanoni, watanni uku zuwa shida na farko lokacin gwaji ne. Ba wanda ke sa ran wanda ya fito daga makaranta jiya ya iya komai. Abin da ya fi kayar da sababbi, a ganina, shi ne su yi gum inda ake son su yi magana, su kuma saki baki inda ya kamata su kame.

Babba a ciki ita ce kunyar tambaya. Manaja ya ce, "Haɗa mini rahoton cinikin watan jiya." Sabon ma'aikaci ya ce, "To, Yallaɓai," ya koma kujerarsa bai san ko shafi ɗaya ake so ko goma ba, a Excel ne ko a PowerPoint, manajan ne zai karanta ko shugabannin kamfani za a kai wa. Sai ya kwana uku yana fama, ya kawo abin da ba shi aka nema ba. Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka tashi daga gaban wanda ya ba ka aiki, ka san me ake so, wa zai yi amfani da shi, kuma yaushe ne wa'adi. Sannan ka maimaita masa yadda ka fahimta, domin in da kuskure ya gyara nan take. Amma fa kada ka riƙa leƙa ofishinsa kowane minti goma. Fara neman amsa da kanka, abin da ya gagara ka tara a takarda ka kai gaba ɗaya.

Ƙanwar wannan ita ce ɓoye jinkiri. Ka ga aikin Alhamis ba zai kammalu ba tun ranar Talata, amma ka yi shiru kana fatan wani abu zai faru. In ka faɗa ranar Talata, manaja na da damar ƙara maka hannu ko ɗage ranar. In ka bari sai Alhamis da yamma, shi ma ka ja masa kunya gaban na sama da shi, kuma irin wannan ba a saurin mantawa. Haka in ka yi kuskure a lissafi ko ka tura takardar da ba ita ba: kai ka fara faɗa, tare da yadda za ka gyara.

Akwai kuma dogaro da maganar baka. An canza maka umarni a bakin ƙofa ko a waya, sai ka tura gajeren imel: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, zan yi kaza, in miƙa ranar kaza." Ba rashin yarda ba ne, mutane ne ke mantuwa. Ka buɗe fayil kana rubuta ayyukan da ka kammala da sakamakonsu duk ƙarshen mako. Ranar da za a zauna tantance ƙwazon ma'aikata, manajanka ba zai tuna abin da ka yi wata takwas baya ba, kai ma ba lalle ka tuna ba.

Sai wajen shiru. Kowane ofis na da tsofaffin rigingimu da ɓangarori, kuma wanda ya fara janyo ka jiki yana ba ka labarin kowa, yawanci labarinka ma zai kai wani wuri. Saurara, kada ka tofa. Kafin ka amsa imel, duba sunayen da ke ciki, don kada ƙorafin da ka nufi mutum ɗaya da shi ya isa ga sashe guda. Kwamfuta da imel na kamfani kayan kamfani ne, masu kula da na'urori na iya ganin abin da ke ciki. Hoton teburinka da ka ɗora a LinkedIn ko WhatsApp kuwa, wataƙila sunan abokin ciniki na nan a allon kwamfutar, alhali ka sa hannu kan riƙe sirri.

Ita kanta takardar ɗaukar aikin, da yawa ba sa karantawa, murna ta hana. Duba ko albashin da aka rubuta kafin cire haraji da fansho ne ko bayan cirewa, kwana nawa ne hutunka a shekara, da kuma sanarwar kwana nawa za ka bayar in za ka ajiye aiki. Abin da ba ka gane ba, tambayi sashen kula da ma'aikata kafin ka sa hannu, ka kuma karɓi kwafinka.