Yadda zaka ƙara sabon cip na ADC a cikin direban Linux ba tare da ka rubuta sabo ba

Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ba ta zo da ADC a jikinta ba, wato cip ɗin da yake juya ƙarfin wuta zuwa lambar da kwamfuta za ta iya karantawa, duk wanda ya taɓa son auna ƙarfin wutar batirin sola ko wani sensa da ita ya san da wannan, dole sai ka jona cip daga waje ta hanyar SPI ko I2C, layukan da allo yake magana da cip ta cikinsu. Toh matsalar ita ce wani lokacin cip ɗin da ka samu a kasuwa ba shi ne aka rubuta sunansa a cikin kanel, wato zuciyar Linux, ba, ɗan'uwansa ne, lamba ɗaya ko biyu ce ta bambanta su. A nan mutane suke rabuwa biyu, wasu su kama spidev, wato ƙofar da take ba ka SPI kai tsaye, da Python su riƙa turo bit da hannu, wasu kuma su kwafe direban, wato shirin da yake sarrafa cip ɗin, gaba ɗaya su canza masa suna. Ta farkon tana aiki amma kai kaɗai ta yi wa amfani, ta biyun kuma babu mai karɓar maka ita a kanel. Hanyar da ake bi ita ce ka koya wa tsohon direban sabon cip, kuma yawanci layukan da zaka rubuta ba su da yawa, karatun ne yake cin lokaci.

Zan yi misali da fayil ɗin `drivers/iio/adc/ti-adc128s052.c`, yana ƙarƙashin IIO, sashen kanel da yake kula da ADC da DAC (mai juya lamba zuwa ƙarfin wuta) da sensoci. Direban ƙarami ne, zaka karance shi tas a zama ɗaya, kuma shi kansa haka ya girma, da ADC128S052 na Texas Instruments aka fara, daga baya aka ƙara masa su ADC122S021 da ADC124S021. Cip ɗin da muke son ƙarawa shi ne ADC102S021. Kafin komai buga `git grep -i adc102s` a cikin kanel ɗin da kake aiki da shi, in wani ya riga ka sai ka huta, in ba komai toh mu je. Ka sani kuma sunayen abubuwa a cikin fayil ɗin suna ɗan canzawa daga wannan sigar kanel zuwa waccan, saboda haka bi ma'anar, kar ka kwafa ido rufe.

Sunan cip ɗin ma kansa yana ba ka labari. A ADC128S052, 12 ɗin farko yawan bit ne, 8 kuma yawan mashigai. ADC122S021 bit 12 mashiga 2. Namu ADC102S021 bit 10 mashiga 2. Lambar ƙarshe gudu ce, masu 021 suna ɗaukar awo dubu 50 zuwa dubu 200 a daƙiƙa, masu 051 dubu 200 zuwa dubu 500, masu 101 har miliyan ɗaya. Kaga duk gida ɗaya suka fito, amma kama da wane ba ta wane, sai ka buɗe takardun bayanin kamfani guda biyu gefe da gefe, ta cip ɗin da direba ya sani da ta naka, ka je shafin da aka zana yadda siginar SPI take tafiya. Abubuwan da kake nema: bit nawa ake turawa a zagaye ɗaya, a ina ake rubuta lambar mashiga, a ina sakamakon yake zama, yana da alamar ragi ko ba shi da ita, da kuma daga ina cip yake ɗaukar wutar da yake gwada awo da ita.

Idan ka duba zaka ga zagayen duka biyun bugun agogo 16 ne, lambar mashiga tana shiga a bayit na farko a bit na 5 da 4 da 3, shi ya sa a cikin `adc128_adc_conversion()` zaka ga `adc->buffer[0] = channel << 3`. Akwai wani abu kuma da yake rikita masu farawa, mashigar da ka zaɓa a wannan zagayen ba ita ake ba ka yanzu ba, sai a zagaye na gaba, dalilin da ya sa direban yake yin `spi_write` tukuna sannan `spi_read` kenan. Duk wannan iri ɗaya ne a cip ɗin biyu, ba ruwanka da shi, kar ka taɓa.

Bambancin yana wurin sakamako. Mai bit 12 yana turo sifili huɗu sannan bit 12 na awo. Mai bit 10 yana turo sifili huɗu, bit 10 na awo, sai sifili biyu a wutsiya. Direban kuma abin da yake yi shi ne ya haɗa bayit biyun ya yanke da `& 0xFFF`, sannan a wajen `IIO_CHAN_INFO_SCALE` an kafe `*val2 = 12`.

Abin dariya a nan, in ka yi ƙarya a Device Tree, wato bayanin da yake gaya wa kanel abin da aka jona a kan allo, ka ce cip ɗinka ADC122S021 ne, lissafin bolt zai fito daidai. Saboda awon ya zo a ninke sau huɗu, an kuma raba shi da 4096 maimakon 1024, sai suka kashe juna. Wasu a nan suke tsayawa su ce an gama, kuma gaskiya in aikin gida ne ba zan yi musu da su ba. Amma `in_voltage0_raw` zai riƙa nuna maka lambobi har 4092 suna tsalle huɗu-huɗu kamar cip ɗin yana da ƙwarewar da ba shi da ita, kuma Device Tree aikinsa ya faɗi ainihin abin da yake kan allo, ba abin da ya fi maka sauƙi ba.

Yanzu gyaran. Dokar da nake bi guda ɗaya ce, duk wani bambanci tsakanin cip da cip ya zauna a cikin jadawali, kar ya shiga cikin lissafi a matsayin `if` mai duba suna. Ranar da aka ƙara cip na goma, mai `if` ya shiga uku, mai jadawali kuwa layi ɗaya zai ƙara. Direban yana da jadawalinsa tun asali, sai mu ƙara masa gurbi:

```
struct adc128_configuration {
	const struct iio_chan_spec *channels;
	u8 num_channels;
	u8 realbits;
};
```

A cikin `struct adc128` ka ƙara `const struct adc128_configuration *cfg;` ka cika shi a cikin `adc128_probe()`, sannan wurare biyun da aka kafe 12 su koma haka:

```
return ((adc->buffer[0] << 8 | adc->buffer[1]) & 0xFFF)
	>> (12 - adc->cfg->realbits);

*val2 = adc->cfg->realbits;
```

Sai ka je `adc128_config[]` ka ƙara layi sabo mai amfani da `adc122s021_channels`, tunda mashigai biyu ne ba sai ka ƙirƙiri wani jerin ba, da `realbits` 10. Dan Allah ka kula da nan: tsofaffin layukan ma dole kowanne ka rubuta masa 12. In ka manta, C ba zai yi maka gargaɗi ba, zai cika gurbin da sifili shiru, a tura awon dama sau 12, duk wanda yake da ADC128S052 ya wayi gari yana karanta 0 a kowace mashiga, kai kuma naka cip ɗin yana aiki lafiya lau ba ka san ka ɓata wa mutane ba. Wasu masu dubawa za su fi so ka ajiye wannan bayanin a `scan_type.realbits` da `scan_type.shift` na kowace mashiga, don nan ne gurbinsa na asali a IIO, ita ma hanya ce mai kyau, sai dai zaka yi sabon jerin mashigai.

Bayan nan sunan cip zai shiga wuri biyu a ƙasan fayil ɗin, a `of_device_id` da `"ti,adc102s021"`, da kuma a `spi_device_id` da `"adc102s021"` ba tare da sunan kamfani ba, duka biyun suna nuna sabon layin jadawali. Kar ka bar na biyun don kana ganin Device Tree kake amfani da shi, a SPI da wannan gajeren sunan ake loda modul da kansa, in babu shi sai ka riƙa yin `modprobe` da hannu kullum kana mamaki. A sababbin kanel `spi_get_device_match_data()` ne yake ɗauko maka layin, ko ta wace hanya aka gano cip ɗin. Ka ƙara sunan a rubutun taimako na `TI_ADC128S052` cikin Kconfig, sannan a jerin `compatible` na `Documentation/devicetree/bindings/iio/adc/ti,adc128s052.yaml`, ka gwada da `make dt_binding_check DT_SCHEMA_FILES=ti,adc128s052.yaml`.

Da ace cip ɗin naka bai bambanta da komai ba ta fuskar direba, da ba sai ka taɓa lissafin direban ba ma, sai ka rubuta sunaye biyu a `compatible`, naka a gaba, na tsohon a baya a matsayin madogara, ka gyara yaml, ka kuma ƙara gajeren sunan a `spi_device_id`.

Gwaji. Harhaɗa da `make M=drivers/iio/adc modules` a kan kanel ɗin da yake daidai da wanda ke gudana a allon, in ba haka ba `insmod` zai ce maka tsarin modul bai dace ba. A cikin overlay ɗinka, wato ɗan fayil ɗin da kake ɗorawa a kan Device Tree na allon, ka kashe `spidev0` don kar su yi rigima a kan layi ɗaya, ka saka wannan a ƙarƙashin `spi0`:

```
adc@0 {
	compatible = "ti,adc102s021";
	reg = <0>;
	spi-max-frequency = <1000000>;
	vref-supply = <&vref_3v3>;
};
```

`vref_3v3` ɗin nan `regulator-fixed` ne da zaka bayyana da kanka mai 3300000 mikrobolt, don wannan cip ɗin wutar da take ciyar da shi ta ƙafar VA ita ce ma'auninsa. A tsofaffin kanel, in ka manta da `vref-supply` direban zai tashi fa, amma `dmesg` zai nuna maka "supply vref not found, using dummy regulator", kuma da ka karanta `in_voltage_scale` sai ya ce "Invalid argument", mutum ya yi ta tonon lissafinsa alhali ba nan matsalar take ba. Gudun agogo ma ka duba, masu 021 tsakanin 0.8 da 3.2 MHz aka tsara su, shi ya sa na saka miliyan ɗaya.

Shiga `/sys/bus/iio/devices/iio:device0/`, `cat name` ya nuna maka sunan cip ɗinka, ka ga `in_voltage0_raw` da `in_voltage1_raw` kawai, in ka ga har takwas toh layin jadawalin da ba naka ba ka nuna. `in_voltage_scale` ya ba ka 3.222656250, wato 3300 a raba da 1024, in ka ga 0.805664062 har yanzu 12 ce take aiki. Jona mashiga ta farko da ƙasa ka ga 0 ko kusa da shi, jona ta da VA ka ga 1023, sai ka saka rasista biyu masu ƙima ɗaya ka raba wutar biyu ka ga wajen 512, ka ninka da 3.2226 ya ba ka kusan milibolt 1650, ka ɗora mita a wurin ka tabbatar. Ka saka wuta daban-daban a mashigai biyun ka karanta su bi da bi sau da yawa, nan ne zaka gane in awon wannan yana faɗawa gurbin waccan. Batirin 12V kuwa kar ka kuskura ka kai shi ƙafar cip kai tsaye, sai ta hanyar rasistocin rage wuta, abin da ya wuce VA yana iya ƙona shi. In kana da ɗaya daga cikin tsofaffin cip ɗin masu bit 12 a ajiye, jona shi ma ka gwada, ka ga har yanzu yana kaiwa 4095.

In kana son aikin ya shiga kanel na kowa, raba shi faci biyu ko uku, wato guntayen gyara da ake aikawa ɗaya-ɗaya. Na yaml shi ne farko da take mai farawa da `dt-bindings: iio: adc:`, sai wanda ya ƙara `realbits` ba tare da ya canza halin kowa ba, sannan wanda ya ƙara sabon cip, wannan rabon yana sauƙaƙa wa mai dubawa sosai don zai ga na biyun bai taɓa komai ba. Kowanne ka yi shi da `git commit -s`, ka wuce da shi ta `scripts/checkpatch.pl --strict`, sannan `scripts/get_maintainer.pl` ya gaya maka waɗanda zaka aika wa, Jonathan Cameron mai kula da IIO zai fito a ciki, da masu kula da Device Tree irin su Rob Herring da Krzysztof Kozlowski. Ka aika da `git send-email`, rubutu zalla ba HTML ba. A cikin bayanin facin ka faɗi bambancin cip ɗin a fili, sifili biyun nan na wutsiya, ka kuma faɗi a kan wane allo ka gwada, in kuma akwai wasu 'yan gidan da ka ƙara sunansu daga takarda kawai ba ka riƙe su a hannu ba ka faɗa. Za su iya dawo maka da gyara, sai ka gyara ka sake turawa da `git format-patch -v2`, ka rubuta abin da ya canza a ƙarƙashin layin `---` don kar ya shiga tarihin git.