Yadda ake zaɓar sinadarin kalsiyam da alkaliniti don tankin murjani a Zariya

Murjani mai ƙashi, wato halittar teku mai gina jiki kamar dutse, irin su Acropora da Montipora, daga cikin ruwa yake zuƙar kalsiyam da kabonet ya gina jikinsa. A teku waɗannan ba sa ƙarewa, amma a tankin gilashi da ke falo a Samaru ko Tudun Wada kullum raguwa suke yi, kuma mai tankin ne zai mayar da su. Mu da ke nesa da teku, yawancin kayan sai an yi odarsu daga Legas ko daga waje, don haka kada ka sayi kwalba ko ɗaya kafin ka san abin da tankinka ke ci a rana.

Fara da awo. Ruwan teku yana da kalsiyam wajen 420 ppm (kashi cikin miliyan), alkaliniti, wato galibi yawan kabonet da baikabonet da ke cikin ruwa, wajen 7 a ma'auninsa na dKH, magniziyam wajen 1,280 ppm, gishirinsa kuma 35 ppt (kashi cikin dubu). A tanki ana riƙe kalsiyam tsakanin 380 da 450, alkaliniti tsakanin 7 da 11, ko da yake mun fi son 8 zuwa 9 domin ya bar maka sarari ta kowane ɓangare. Tabbatar da gishirin tukuna, domin idan ya yi ƙasa, duk sauran alƙaluman ƙasa za su nuna. Daga nan ka auna alkaliniti da kayan gwaji irin na Salifert ko Hanna, ka bar tankin kwana 3 ba ka zuba komai ba, ka sake aunawa daidai lokacin da ka yi na farko. Raba bambancin gida uku. Idan ya sauka daga 8.5 zuwa 7, tankin na cin 0.5 dKH a rana ke nan.

Alkaliniti ake bi, ba kalsiyam ba. Duk 1 dKH da murjani ya ci, kalsiyam ɗin da ke tafiya da shi wajen 7 ppm ne kacal. Cire 7 daga 420 kamar ɗiban moɗa ɗaya ne daga randa, kayan gwaji ba za su nuna shi sosai ba, alhali 1 daga 8 kowa zai gani.

Idan murjani mai laushi kawai kake kiwo, kuma cin bai kai 0.2 dKH ba, canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako da gishirin teku mai kyau yakan wadatar. Adana kuɗinka.

Ga tankin da ke cin fiye da haka, hanyar da muka fi ba mutanen Zariya shawara a kai ita ce ta kwalba biyu: ɗaya kalsiyam kulorayid, ɗaya sodiyam baikabonet, wato bekin soda. Ana sayar da su a shirye, kowanne a kwalbarsa, kuma kana iya haɗa naka bisa ma'aunin da masanin sinadarai Randy Holmes-Farley ya yaɗa. Narka giram 78 na bekin soda, ka cika ruwa ya kai lita 1. A wata jarka daban, narka giram 66 na kalsiyam kulorayid nau'in daihaidiret, shi ma ya kai lita 1. Idan busasshen nau'in ka samu, wanda ake kira anhaidiros, giram 50 ya isa, kuma ka riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan cikin ruwa domin yana ɗaukar zafi sosai. Mililita 38 na kowace jarka na ɗaga lita 100 na ruwan tanki da 1 dKH na alkaliniti da kuma wajen 7 ppm na kalsiyam. Tanki mai lita 200 da ke cin 0.5 dKH zai buƙaci mililita 38 daga kowace jarka kullum. Lissafa da ainihin ruwan da ke ciki, bayan ka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye.

Kada jarkunan nan biyu su haɗu kafin su shiga tanki, ko da ta sirinji ɗaya ne, domin nan take za su zama farin alli su kwanta. Zuba ɗaya a gaban famfo inda ruwa ke gudu, ka jira kamar minti 15, sannan ka zuba ɗayar. Kada ka ɗaga alkaliniti fiye da 1 dKH a yini. Ka kuma sani cewa sodiyam da kulorayid da suka rage gishiri ne, a hankali za su ɗaga gishirin tankin, sai ka riƙa dubawa. Alfanun wannan hanya a wurinmu shi ne ba ta jiran wuta. Sirinji da hannu sun isa.

A kula sosai wurin saye. Bekin foda da masu kayan kek ke sayarwa a Sabon Gari ba bekin soda ba ne: akwai sitaci da sinadarin tsami a ciki, sau da yawa har da fosfet, wanda ke haifar da gansakuka ya kuma hana murjani gina ƙashi. Karanta jikin leda ka ga sodiyam baikabonet ne zalla. Kanwa ma tana da kabonet, amma tana tafe da ƙasa da gishirori da ba ka san adadinsu ba, kada ta kusanci tanki. Haka farar ƙasar shafe bango. Ruwan haɗi kuwa sai wanda ya bi ta matatar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, ma'aunin TDS mai auna abin da ya narke ɗin ya nuna 0. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk suna iya ɗauke da naitiret ko silika.

Hanya ta biyu ita ce kalkwasa, wato kalsiyam haidiroksayid da aka narka a ruwan da ake cike gurbin wanda ya tafi a tururi. Wajen giram 1.5 ne kawai ke narkewa a lita guda. A motsa, a rufe, a bar shi ya kwanta, a ɗiga tsararren ruwan saman a hankali, an fi so da dare. Yana kawo kalsiyam da alkaliniti tare daidai gwargwado, yana kuma ɗaga pH, ma'aunin da ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu, abin da ke da amfani idan an rufe tagogi saboda ƙurar hunturu, iskar numfashi (CO2) ta taru a ɗaki ta sauke pH ɗin tanki. Sai dai pH ɗinsa ya haura 12, in aka kwarara shi lokaci guda zai iya kashe kifi da murjani.

Matsalarsa a nan ita ce yanayi. Lita 1 ta kalkwasa na ba lita 100 wajen 1.1 dKH, kuma ba za ka zuba fiye da abin da ya tafi a tururi ba. Da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe kuma fanka ke kaɗa saman ruwa, tanki na shan ruwa da yawa, alkaliniti ya yi ta hawa. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, tururin ya ragu, sai ya faɗi ba tare da ka canza komai ba. Mai amfani da kalkwasa a Zariya dole ya sake awo duk sauyin yanayi, ya rage ƙarfin haɗin da rani, ya cike giɓin damina da kwalba biyu.

Riyakta, na'urar da ke narkar da tsakuwar murjani da iskar CO2 a pH wajen 6.5, ta manyan tankuna ce masu cin 2 dKH ko fiye. Tana buƙatar tukunyar gas da wuta ba yankewa. In ba ka da sola ko inbata mai ƙarfi, bar ta.

Idan ka ga farin ɓawo a jikin famfo, ko yashi ya dunƙule, ko kana ta zubawa alƙaluma sun ƙi hawa, to sinadarin yana daskarewa ne maimakon ya zauna a ruwa. Ƙara zubawa ƙara ɓarna ne. Dakata kwana 2, ka auna magniziyam, domin shi ke hana wannan daskarewa. In ya gaza 1,250, ɗaga shi da magniziyam kulorayid haɗe da ɗan gishirin Epsom, wato magniziyam salfet, kada ya wuce 100 ppm a rana. Idan kuma kan rassan Acropora ya yi fari kamar ya ƙone, yawanci alkaliniti ne ya yi yawa a ruwan da naitiret da fosfet suka kusa ƙarewa. Rage abin da kake zubawa har ya sauko 7 zuwa 8, ka riƙa aunawa sau biyu a mako sai ya tsaya wuri guda.